An ci wa Baba shekara biyar a takardar sallamarsa ta soja, wa ya taɓa gyara irin wannan?

'Yar Saje:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda abin ya taɓa faɗa wa. Babanmu ya shiga soja a 1983, ya yi ritaya a 2005. Wancan watan muka fito da takardunsa daga akwatin ƙarfe saboda tantancewar 'yan fansho, ƙanena yana karanta masa takardar sallama sai muka ji ya ce 1988. Baba ya tashi zaune ya ce a maimaita. Shi ranar da aka miƙa masa takardar sarawa ya yi ya naɗe ta, bai ƙara buɗewa ba. Ya rantse yana kurtu a Zariya aka hamɓarar da Shagari, ranar ƙarshe ta Disambar 1983, har ya tuna gashin da aka ba su da safen. Da alama wani akawu ne ya ga 3 ya ɗauka 8 ce. Wani ya ce mu je kotu mu yi takardar rantsuwa, shi ke nan. Haka ne?

Tsohon Kofur:
Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki ɓata kuɗin motarki. Takardar rantsuwa tana amfani a kan suna ko ranar haihuwa, amma ranar shiga soja ba bakin Baba ne zai faɗe ta ba, fayil ɗinsa ne. Ni na yi wannan wautar. Na yi rantsuwa a kotu, na buga a jarida, na ɗauka na gama. Hafsan da na kai wa ya duba, ya tura mini ita ta kan tebur ya ce, "Baba, soja ne ya ɗauke ka ko alƙali?" Ban sami amsa ba.

Abin da ya fisshe ni shi ne takardar da na dangwala wa yatsa ranar da aka ɗauke ni, da odar bataliya da ake kira Pat Tu Oda, wadda ake buga duk abin da ya sami soja a cikinta: ƙarin girma, canjin wurin aiki, aure, hukunci. Bayanan sojan ƙasa a Lakwaja ake ajiye su. Can aka ciro nawa, takarda ta koma ruwan ƙasa, gefe duk ya cinye, amma kwanan watan na nan raɗau.

Sannan kada ki dogara da farkon lambarsa. Ni lambata da 63NA ta fara, alhali a 1968 na shiga, ana tsakiyar yaƙin basasa. Mu da yawa haka muke. Abin da zai taimake ki shi ne lambobin waɗanda suka yi horo tare, domin a jere ake bayarwa.

Bazamfare:
Gaskiyar Baba Kofur ce. Ƙari ɗaya: a nemo takardar ƙarin girmansa ta farko. Idan ya sami igiya ɗaya a 1986, ai babu yadda za a yi a ce ya shiga a 1988. Da irin wannan muka kama namu.

Maman Barikin Soja:
Ƙanwata ki gode wa Allah Baba na raye. Ni sai da maigidana ya rasu na san akwai matsala. Tamu ranar fita ce ba ranar shiga ba. Takardar sallama ta ce Maris, wasiƙar ritaya ta ce Satumba, wata shida tsakani. Na je a matsayin magajiya, aka ce sai takardun biyu sun yi magana da baki ɗaya. To wa zan tambaya? Mai takarda na kabari.

Wata takwas ina kai da kawo. Akwai ranar da na zauna kan benci tun bakwai na safe da jakar leda a cinyata, goyo a baya, har aka yi la'asar, aka ce mai sa hannu ya tafi kwas. Na dawo gida ban ci komai ba sai ruwan leda biyu. Daga baya wani abokin aikinsa, Allah ya saka masa, ya tuna cewa marigayin ya yi kwas ɗin koyon sana'a na wata shida a Oshodi kafin ya fita. Ashe wani ya rubuta ranar da ya bar bataliya ya tafi Legas, maimakon ranar da ya bar aiki. Satifiket ɗin kwas ɗin na cikin firam a bangon falonmu duk tsawon lokacin nan, kullum ina goge masa ƙura.

Ki zaunar da Baba yau, ba gobe ba. Ki kunna rikoda a waya, ya lissafo miki duk barikin da ya zauna, sunan kwamandansa, da waɗanda suka shiga tare da ke raye. Kuma kada ki ba kowa takarda ta asali. Kwafi kawai, a buga miki hatimin karɓa a kan naki.

Ɗan Kasuwar Waya:
Ni gargaɗi zan yi, da kunya nake faɗa. Wani ya karɓi kuɗina ya ce ya san hanya. Bayan sati biyu ya kawo takardar kawuna an kankare lamba ɗaya an sake bugawa. Ga ido ta yi kyau. Ranar tantancewa aka ɗaga ta sama ta fuskar taga, wurin ya fito fili kamar tabo. Kawu da ke da gaskiya ya koma mai amsa tambaya. Kuskuren akawu ana gyarawa, amma kankara a takardar soja ta mayar da magana wata iri. Har yau idan na shiga gaishe shi sai ya ce, "Ga injiniya."

Na Tawa:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Namu sojan Faransa ne amma ciwon ɗaya ne. Kakana ya yi yaƙin Aljeriya. Ɗan littafin sojansa ruwa ya ci shafin tsakiya, shekarun da sunka rage ba su kai abin da yake faɗi ba. Munka rubuta zuwa Faransa, garin Pau, inda ake ajiye fayilolin tsofaffin soja har da na Afirka. Sunka aiko da takardar da ta jero aikinsa rana bi rana, har da ranar da ya hau jirgin ruwa. Wahalarmu ita ce suna: yadda Bature ya ji haka ya rubuta, ranar haihuwa kuma "wajen shekara kaza" kawai. Lambarsa ta soja ce ta gano shi. Kun san an daskarar da fanshonsu tun dokar 1959, sai 2011 anka daidaita shi da na Faransawa, kuma sai wanda ya nema. Tsoho ya ci watanni kaɗan Allah ya yi masa rasuwa.

Malam Akawu:
Allah ya jiƙansa. Ni na yi aikin akawu a bataliya, bari in ɗan kare 'yan uwana. Da keken rubutu muke bugawa, daga katin da wani ya cike da biro shekara ashirin baya, wani lokacin da fitilar ƙwai. Uku da takwas, ɗaya da bakwai, su suka fi yaudara.

Amma 'yar Saje ki shirya wa jin abin da ba ki so. Ba kullum takarda ce ke ƙarya ba. Na ga wanda ya yi ta rantsuwa an cuce shi shekara huɗu, da aka buɗe fayil sai ga shi ya bar aiki ya sake shiga, tsakiyar ba ta cikin lissafi. Shi bai yi ƙarya ba, takarda ma ba ta yi ba. Ki tambayi Baba a hankali ko akwai lokacin da ya zauna gida.

Kuma ki duba wane kwanan wata Hukumar Fansho ta Soja ke aiki da shi. Yana yiwuwa kuskuren a takardar hannunsa kaɗai yake, lissafin kuɗinsa daidai. Idan kuwa da 1988 aka lissafa, to shekara 17 aka biya shi maimakon 22, garatuti da fansho duka sun taɓu. Wasiƙar neman gyara guda, gajera, da sunansa da lambarsa da sa hannunsa, ta bi ta ofishin Lijon na jiharku, wato ƙungiyar tsofaffin sojoji, su raka ta da tasu.

Baƙon Amurka:
Nan ma ana yi. Takardar sallamata DD-214 ta zo da kuskuren wata guda. Akwai fom DD-149 da ake cikewa a nemi gyara, ƙa'ida cikin shekara uku da gano kuskuren. Hujja ɗaya suke nema da ta gida: kwantiragin shiga da odar aiki.

'Yar Saje:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam Akawu na tambaye shi, ya harare ni ya ce ko Laberiya da aka kai su bai nemi hutu ba balle ya zauna gida. Jiya da dare muka zazzage akwatin gaba ɗaya. A cikin wani tsohon ambulan, ƙarƙashin hularsa, muka sami hoton ranar fita daga horo, an rubuta 1984 a kan allon da ke gabansu, da takardar samun igiyarsa ta farko ta 1987. Ya nuna mutum biyu a hoton da suke raye, ɗaya a Funtuwa ɗaya a Bauci, ƙanena ya sami lambar na Funtuwa. Maman Bariki, kwafi nawa kika yi na kowace takarda? Litinin za mu je ofishin Lijon.

Maman Barikin Soja:
Biyar-biyar. Ki tafi da abinci.