Neman shawara kan labarin aminai biyu da ƙarfi ya shiga tsakaninsu

Ɗan Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum. Ina rubuta ƙagaggen labarin kimiyya wanda zai faru a Katsina nan da shekara talatin, kuma na cije a tsakiyarsa. Aminai ne biyu da suka yi makarantar allo tare, daga baya suka duƙufa neman maganin sikila saboda ƙanwar ɗayansu. Sun fara gwada allurar gyaran ƙwayoyin gado a jikinsu, sai ɗaya ya samu ƙarfin da ya wuce na mutane, wan yarinyar kuma barci ya ƙaurace masa. Da aka yi wa yarinyar ta rasu, mai ƙarfin ya ɗora wa amininsa laifin, har wan yarinyar ya tsere ta Jibiya zuwa Maraɗi. Bayan shekara goma ya dawo neman fansa, ya tarar ƙauyuka sun dogara da mai ƙarfin wajen kare su daga 'yan bindiga. Waɗanda suka karanta sun ce labarin 'yan tauri ne aka sa wa rigar likita, kuma ba su san wanda za su bi ba. Yaya zan gyara?

Bakatsiniya:

Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ya raba labarin kimiyya da na tauri ko layar zana shi ne mai karatu ya san dalilin ƙarfin, ya kuma ga abin da jiki yake biya. Fasahar gyaran ƙwayoyin gado da ake kira CRISPR ta fito a 2012, kuma a ƙarshen 2023 Ingila ta amince da maganin sikila na farko da aka gina a kanta. Ana ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci, a gyara su a ɗakin gwaji domin su riƙa yin irin jinin jarirai, a share ɓargo da magani mai ƙarfi, sannan a mayar da su. Wannan hanya ba ta taɓa tsoka ko ƙwaƙwalwa, don haka aminanka suna buƙatar hanyar ganganci: allurar da za ta kai gyaran cikin jiki kai tsaye, ta kauce ta shiga inda ba a aike ta ba.

Akwai sinadarin myostatin da ke taka wa tsoka birki, kuma a 2004 likitoci a Jamus sun ba da rahoton wani yaro da aka haifa da tsoka fiye da kima saboda rashinsa. To ka tambayi kanka yadda ƙashi da jijiyoyin gaɓɓai za su ɗauki wannan nauyi, ka bar gwarzonka yana tsagewa daga ciki duk lokacin da ya fita faɗa. Rashin barci ma akwai cutar gado da ke kawo shi, kuma takan kashe mai ita cikin watanni ko 'yan shekaru, bayan ruɗewa da gane-gane. Shekara goma ta yi yawa, sai dai in gyaran a hankali yake cin barcin nasa.

Dattijon Daura:

Ɗana, a ganina ƙorafi na biyu ba aibi ba ne. Idan mai karatu ya rasa wanda zai bi, ka kama hanya, matuƙar ya san abin da kowannensu ya rasa. Abin da nake tsoro shi ne ka mayar da fansar dambe, alhali mai rauni ba zai tari mai ƙarfi da hannu ba. Makaminsa shi ne sanin sirri: ya san uwar da wancan ba ya iya haɗa ido da ita, ya san gwiwar da ta fara lalacewa, ya san wanda ya ƙara yawan allurar a daren da yarinyar ta rasu. Da ɗan gari akan ci gari. Sannan kada ka manta cewa Bakatsine ne da ya yi karatun allo, ya san ƙisasi ba a hannun mutum ɗaya yake ba, ya san falalar yafiya, kuma yana da dukan dare yana jayayya da kansa. Ka sa mahaifiyarsa ta ce ta yafe, shi ya ƙi.

Malamar Dutsin-Ma:

Baba, ina neman afuwa, amma ban yarda a bar su kunnen doki ba. Wanda ya ci amana ya kuma yi ƙarya a kan gawa, kare ƙauyuka ba ya wanke shi. Shi ma wan yarinyar yana da nasa kason, domin shi ya miƙa ta. A 2018 wani masani a China, He Jiankui, ya gyara ƙwayoyin gadon wasu tagwaye, aka ɗaure shi shekara uku. Ina so in ji muryar yarinyar kafin rasuwarta, in san ko an nemi yardarta.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan rage gudun hijirar zuwa shekara huɗu, in sa barcin ya riƙa raguwa kowace shekara, in kuma ba yarinyar babi uku na farko da bakinta. Abin da ya rage mini, Baba, shi ne mutanen ƙauyen: idan gaskiya ta fito a gaban mai gari, kana ganin za su miƙa mai kare su, ko za su rufe bakin wanda ya tona?