Tazarce: gwamnoni da ejan ne ke kawo ta, ko gyaran suna a kafafen labarai?

Alhaji Ɗanlami, Jidda: Salamu alaikum. Tunda kun ƙi barin maganar nan ta kwanta tun bayan isha'i, ga matsayina a fili. Duk kuɗin da shugaba mai ci ya zuba a talabijin da allunan talla da yaran Facebook don neman tazarce asara ce. Wanda ya haura shekara uku a kan mulki, wa zai gabatar wa kansa? An san shi a gidan mai, an san shi a kasuwar hatsi. Lissafi ne ke mayar da shi kujera. Sashe na 134 na tsarin mulkin 1999 ya ce sai ka fi kowa ƙuri'a, sannan ka samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi, wato 24. Gwamnoni da shugabannin jam'iyya na ƙananan hukumomi 774 da mazaɓu 8,809 ne ke haɗa wannan. Jonathan ya faɗi tun Nuwamban 2013, ranar da Kwankwaso da Wamakko da Nyako da Amaechi da Abdulfatah Ahmed suka tafi APC. Zaɓen 28 ga Maris 2015 sanarwa ce kawai.

Dakta Hadiza, Riyad: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara girma Alhaji, amma gwamnonin da ka lissafa su ne za su ba da shaida a kanka. Amaechi ya sauya sheƙa, har shi ne shugaban yaƙin neman zaɓen Buhari, duk da haka Jonathan ya kwashe ƙuri'a kusan miliyan ɗaya da rabi a Ribas. Mu matsa 2018: Tambuwal da Ortom da Abdulfatah Ahmed sun bar APC, ga Saraki, ga Kwankwaso. A 2019 Buhari ya ci Sakkwato, ya ci Kwara, ya ci Kano, Binuwai kaɗai ya rasa a cikinsu. Gwamna yana kawo jiharsa ne idan jama'ar sun riga sun karkata can. Galibi ma shi ne ke bin su. Kafin ya tsallake sai ya saurari abin da ake faɗa a rediyo da majalisu, ya ga ko hoton shugaba a fastarsa zai ja masa ƙuri'a ko zai kore ta.

Alhaji Ɗanlami: Buhari daban ne Dakta, mutum ne mai ƙuri'ar kansa tun 2003. Ba a kafa doka da shi.

Dakta Hadiza: Ƙuri'ar kansa ɗin daga ina ta fito, in ba daga sunan "mai gaskiya" da ya bi shi ba? Kuma da ita ya faɗi sau uku. Don zaɓen 2015 aka ɗauko AKPD, kamfanin tsara yaƙin neman zaɓe na Amurka da David Axelrod ya kafa, aka ɗauki Buhari hoto cikin kwat da kayan ƙabilun kudu, ya je Chatham House a Landan a Fabrairu ya yi jawabin rungumar dimokuraɗiyya. Ba don Daura aka yi wannan ba, don Legas da Ibadan aka yi.

Malam Auwalu, Madina: Ku ba ni dama in ajiye lambobi, don su ne ke nuna inda ciwon tazarce yake. A 2011 Jonathan ya samu kimanin miliyan 22 da rabi, Buhari miliyan 12 da dubu 200. A 2015 Buhari 15,424,921, Jonathan 12,853,162. Buhari ya ƙaru da sama da miliyan uku, Jonathan ya ragu da kusan goma. Ke nan yawancin waɗanda ya rasa ba wurin abokin hamayya suka koma ba. Shugaba mai ci ba farauto sababbin masoya ne babban aikinsa ba, hana na jiya zama a gida ne.

Shi ya sa masu tsara tazarce da gaske suke farawa da ƙuri'ar jin ra'ayi, aƙalla shekara ɗaya da rabi kafin zaɓe, jiha-jiha. Mutum dubu da aka zaɓo ba tare da son rai ba suna ba da sakamakon da kuskurensa bai cika wuce kashi uku sama ko ƙasa ba. Inda ake ɓata ta a arewa shi ne a yi ta ta waya kawai, ko a tura maza zalla, sai a rasa matan da ke cikin gida, alhali su ne ke cika layi da sassafe. Dole a sa mata masu tambaya, kuma kada mai tambaya ya nuna daga fadar gwamnati yake, don ba mai gaya wa ɗan aiken gwamnati gaskiya. Daga sakamakon ake kasa jihohi uku: namu, inda aikin fito da mutane ne kawai, na ja-in-ja, inda kuɗi da ziyarar shugaba za su tare, da na abokin hamayya, inda ba cin jihar ake nema ba, kashi 25 ake nema a kuma rage masa tazara. Kuskuren da aka fi yi shi ne a raba kuɗi daidai-wa-daida don kada wani jigo ya yi fushi.

Barista Nasiru, Jidda: Malam, a gafarce ni, akwai gyara. Miliyan goman nan ba duka ne masu fushi suka zauna a gida ba. A 2015 ne hukumar INEC ƙarƙashin Farfesa Jega ta shigo da katin zaɓe na dindindin da na'urar tantancewa, kuma alƙaluman kudu maso gabas da kudu maso kudu sun sauko sosai daga na 2011. Wani kaso na ƙuri'un da suka ɓace tun asali a takarda suke. Wannan ya ɗan ƙarfafa Alhaji, domin da zarar an toshe aringizo, wanda ya tsare akwati shi ke da zaɓe.

Ga yadda aikin yake. A 2023 rumfunan zaɓe 176,846 ne. Dokar zaɓe ta 2022 ta ce jam'iyya ta miƙa sunan ejan, wato wakilinta a rumfar zaɓe, da hotunansa aƙalla kwana 14 kafin zaɓe. Wanda ba shi da katin shaida daga hukuma, jami'in rumfa na iya korarsa. Ejan na kirki ɗan akwatin ne, mai rajista a wurin, ya iya karatu. Ya ga na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS tana kan sifili kafin a fara, ya rubuta adadin waɗanda aka tantance bayan an gama, domin idan ƙuri'u suka haura wannan adadi sokewa ake yi. Ya sa hannu a takardar sakamakon rumfa ta EC8A, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauke ta hoto, ya bi ta zuwa mazaɓa inda ake cike takardar haɗa sakamako ta EC8B. Tsakanin waɗannan takardu biyu, cikin dare, lambobi suka fi canza kama. Ku ƙaddara kowane ejan naira dubu 20: ya haura biliyan uku da rabi, a dokar 2022 da ta ƙayyade wa ɗan takarar shugaban ƙasa biliyan biyar gaba ɗaya. Abin da ke lalacewa kuma sananne ne. A ba jigon ƙaramar hukuma kuɗin a dunƙule, ya cike sunaye da 'yan'uwansa, rabin rumfuna su wuni ba kowa. Maganinsa a biya kai tsaye a asusun ejan, rabi kafin, rabi bayan hoton takardar ya iso.

Hajiya Turai, Makka: Barista, ejan yana gadin ƙuri'ar da aka jefa ne, ba ya haifar da ita. Ni inda nake ganin Alhaji ya yi gaskiya rabi shi ne, yawancin kuɗin gyaran suna ana zuba su inda ba a zaɓe. Bayan sace 'yan matan Chibok 276 a Afrilun 2014, gwamnatin Jonathan ta ɗauki kamfanin Levick na Washington a kan dala miliyan ɗaya da dubu 200. Mai karanta jaridun Amurka akwati nawa gare shi a Biu? Sai ga magoya baya sun kwaikwayi taken neman 'yan matan sun mai da shi taken tazarce a kan alluna a Abuja, har sai da shugaban ya sa aka sauke. A Janairun 2015 Fayose, gwamnan Ekiti na lokacin, ya sayi shafin farko na jaridu ya jera shugabannin arewa da suka rasu a kan mulki, da nufin nuna tsufan Buhari. Tallar nan tausayi ta saya wa wanda aka nufa da ita. Duk wannan laifin rashin ofis ɗaya ne da kowace talla za ta bi ta hannunsa kafin ta fita.

A arewa rediyo ne filin. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, ga Muryar Amurka da DW da RFI, ga tashoshin FM na Kano da Kaduna da sojojin bakinsu. Shugaba ya yi hira da bakinsa, ko wani wanda jihar ke jin maganarsa ya yi, da Hausar da ba fassarar takardar Turanci ba. Saƙo ya zama ɗaya, na abin da hannu ya taɓa. In aka ce an gina titi, a faɗi daga wane gari zuwa wane gari. Mahama na Gana ya cika ƙasa da hotunan ayyuka a 2016, mutane kuwa duhun rashin wutar da suka sha suke tunawa, ya faɗi hannun Akufo-Addo.

Sadiƙu, Dammam: Iyayenmu kun manta waya. Obi ba shi da gwamna ko ɗaya a jam'iyyarsa a 2023, ya kuma kayar da Tinubu a Legas. Kuma ku tuna jita-jitar Jubril na Sudan, cewa wai an musanya Buhari bayan jinyarsa ta Landan a 2017. An bar ta tana yawo a WhatsApp fiye da shekara, sai a Disamban 2018 a Poland ya fito ya ƙaryata. Ƙa'idar masu martani ita ce a raba ƙarya gida biyu. Wadda ba ta fita daga ƙaramin zaure ba a ƙyale ta, don amsa ta talla ce gare ta. Wadda ta shiga saƙon murya da Hausa ko Yarbanci a amsa ta a ranar, da harshen da ta zo da shi, da bidiyon da bai wuce minti ɗaya ba.

Alhaji Ɗanlami: Ɗana Sadiƙu, ka taimake ni ba ka sani ba. An ce an musanya shi, bai je muhawarar 'yan takara ta Janairun 2019 ba, ya kuma ba Atiku tazarar kusan miliyan huɗu. Obi kuwa na uku ya zo.

Malam Auwalu: Amma Alhaji duba da kyau, 15,191,847 Buhari ya samu a 2019, ƙasa da na 2015, ga shi masu rajista sun ƙaru zuwa miliyan 84. Riƙe nasa ya yi, bai ƙara ba. Kuma rancen naira dubu 10 na TraderMoni da Osinbajo ya riƙa shiga kasuwanni da shi a ƙarshen 2018, a wane ɓangare za ka sa shi? Kuɗi ne a hannu, kyamara kuma tana biye da shi rumfa-rumfa.

Dakta Hadiza: Lokaci ne ya raba shi da na Jonathan. Shi ma ya rage litar fetur daga naira 97 zuwa 87 a Janairun 2015, saura makonni a yi zaɓe, kowa ya gane dalili. Mutane na tuna Janairun 2012 da ta tashi daga 65 zuwa 141. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokar 2022 ta buɗe kamfe kwana 150 kafin zaɓe, amma duk sauƙin da shugaba ke so a yarda da shi, ya sauka kafin a buga gangar. Wannan gwajin na jiran duk mai neman zarcewa bayan cire tallafin mai na 29 ga Mayun 2023.

Hajiya Turai: A ƙara da abin da ya shafe mu nan. Goman ƙarshe na azumi manyan 'yan siyasa ke cika otal-otal na kusa da Harami, hotunan harami kuma a gida ake cin amfaninsu. A gaya wa 'yan rakiyarsu hukumomin Saudiyya sun hana ɗaga tuta ko fasta ko rera taken siyasa a wuraren ibada, kuma kamawa ake yi. Mu mazauna da iƙamarmu, wato takardar izinin zama, a hannun kafili muka fi kowa asara idan aka ja mu cikin irin wannan.

Barista Nasiru: Kuma ba mu da akwati a ofishin jakadanci na Jidda ko Riyad. Wanda ke son jefa ƙuri'a sai ya koma rumfar da ya yi rajista da katinsa a hannu.

Alhaji Ɗanlami: Tayyib. Na janye kalmar asara a kan rediyon Hausa kaɗai. Allunan Abuja da kamfanonin Washington ina nan a kan bakana. Dakta, kawo mini shugaba ɗaya da ya rasa gwamnoni da ejan, talla ta mayar da shi.

Dakta Hadiza: Sai ka fara kawo mini wanda buhun shinkafa ya gagari jama'a a hannunsa, aka ƙirga ƙuri'a tsakani da Allah, gwamnoni suka mayar da shi, Alhaji.