Muhawara: A Ci Gaba Da Kiran Suna Da Adadi A Ranar Godiyar Ƙarshen Shekara?

Ma'ajin ikilisiya:

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, iyayena da 'yan'uwana. Saura mako uku mu yi sujadar godiya ta ƙarshen shekara, kuma akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda nake so mu tattauna kafin dattawa su zauna. A ganina, al'adarmu ta kiran sunan mutum a lasifika tare da faɗin nawa ya bayar ko ya yi alkawari tana jefa jama'armu cikin bashi, kuma ya kamata mu daina ta daga bana.

Shekara shida ke nan littafin kuɗi yana hannuna. Kowace Janairu sai na ga waɗansu daga cikin waɗanda aka tafa wa a Disamba sun biyo ni gida da dare, suna neman a ranta musu kuɗin makarantar yara daga asusun taimako. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, sannan cuta ta cinye gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko a daminar 2023, gidajen da a da suke bayarwa daga ribar kaka sun koma bayarwa daga rance, domin kawai kada a ce sun gaza. A Matiyu sura 6 Ubangijinmu ya ce kada hannun hagu ya san abin da na dama yake bayarwa, mu kuwa har maƙwabtan majami'a suna ji ta lasifika.

Dattijon ikilisiya:

Ɗana Ma'aji, na karanta maganarka, kuma na san don kishin aikin Allah ka faɗe ta, amma ban yarda da ita ba. Ayar da ka kawo a kan sadaka ga matalauci take magana, da munafukan da ke busa ƙaho a tituna domin a yabe su. Aikin gina ɗakin sujada kuwa, Littafi Mai Tsarki bai taɓa ɓoye masu hannu a cikinsa ba. Ka duba Littafin Ƙidaya sura 7, inda aka jera sunayen shugabannin kabilu goma sha biyu, kowa da ranarsa, kowa da nauyin azurfar da ya kawo da yawan dabbobinsa. Ka duba 1 Tarihi sura 29, inda Sarki Dauda ya tsaya gaban taro ya faɗi da bakinsa cewa ya ba da talanti 3,000 na zinariya da talanti 7,000 na azurfa daga dukiyarsa, sa'an nan ya tambayi wa zai bi bayansa, shugabanni suka bi, jama'a suka yi murna. Barnaba ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin gaban manzanni, sunansa yana nan a Ayyukan Manzanni sura 4 har yau. Manzo Bulus ma ya yi alfahari da himmar mutanen Akaya a gaban mutanen Makidoniya, ya ce himmar ta zuga yawancinsu.

Ni ina yaro aka yi ginin farko na wannan majami'a da tubalin ƙasa, a zamanin da ikilisiyoyin ƙasarmu suka fara tsayawa da ƙafafunsu bayan shekarun 1950, kuma babu sisin Bature a ciki. Ana kiran gida gida, wannan ya ce azara biyu, wancan ya ce damin dawa uku, wata tsohuwa ta ce tulun ruwa goma a kowace safiya. Ba wanda ya ji kunya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yanzu ga rufin ɗakin yara yana yoyo, muna bukatar bandir arba'in na kwano kafin ruwa ya sauka, sai a ce mu kashe abin da yake motsa zukatan mutane?

Uwar Zumuntar Mata:

Baba Dattijo, da girmamawa nake magana, amma Dauda sarki ne, kuma daga taskarsa ya ɗebo, bai je wajen mai ba da rance da ruwa ba. Tsohuwar da ta yi alkawarin tulun ruwa ma, rafi yana nan kuma ƙarfinta yana nan, ba ta ci bashin kowa ba. Mu mata mu ne muka san yadda Disamba take a cikin gida. Akwai ɗinkin yara, akwai shinkafa da mai, akwai kuɗin watanda idan ana so yara su ga nama ranar Kirsimeti, akwai baƙin da za su zo daga Kaduna da Abuja su kwana bakwai, ga gudummawar ƙungiyar mawaƙa da ta matasa da tamu ta Zumunta, sa'an nan makarantu su buɗe zango na biyu a makon farko ko na biyu na Janairu. A kan duk wannan ne ake miƙa wa maigida makirfo a gaban surukansa da abokan haihuwarsa, a ce ya faɗi nawa zai yi wa Ubangiji. Wane namiji ne zai ce dubu biyu bayan sa'ansa ya ce dubu hamsin? Ya faɗi abin da ba shi da shi, mu dawo gida, matar ta kwashi adashinta wanda ta tara wata goma domin jari, ta rufa masa asiri.

Na zauna da mata da yawa suna kuka a kan wannan, ba zan kuma faɗi sunan kowa ba. Abin da nake tuna musu shi ne matar annabin nan a 2 Sarakuna sura 4, wadda mai binta bashi ya zo zai kwashe 'ya'yanta biyu. Da Allah ya riɓanya mata mai, Elisha ya umarce ta ta sayar ta biya bashinta, ita da 'ya'yanta su ci sauran. Bai ce ta fara kawo wa 'ya'yan annabawa kaso ba.

Wani malamin makarantar firamare, ɗan ƙungiyar matasa:

Mama, abin da kika faɗa gaskiya ne, ni ma mai albashi ne, kuma na san cewa naira 70,000 da aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 ba ta kai ko'ina ba, tunda a Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari bisa lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Amma ina da fargaba ta wani ɓangare, kuma ina roƙon Ma'aji kada ya ɗauka da shi nake. Kiran suna da adadi shi ne kaɗai rasit ɗin da talaka yake samu a majami'armu. Idan an faɗa a gaban mutum ɗari uku, kowa yana iya yin lissafi a ransa, ya san abin da ya shiga. Ranar da aka koma sakawa a ɓoye, sai a wayi gari mutum biyu ko uku ne kaɗai suka san jimilla, kuma mun sha jin yadda irin wannan ya raba kan ikilisiyoyi. Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai da ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka ta, kuma a 2 Korintiyawa sura 8 ya ce ya yi haka ne don kada kowa ya sami abin zargi. Idan za a daina kiran adadi, to a fara kafa abin da zai maye gurbinsa: mutum uku da ba dangin juna ba su ƙirga a gaban dattawa kafin kowa ya tashi, a ba kowane mai bayarwa rasit mai lamba, a lika jimilla da yadda aka kashe ta a ƙofar majami'a kowane wata uku.

Wata gwauruwa, 'yar Zumuntar Mata:

'Ya'yana, jikata ce take rubuta mini wannan. Ni ina so a ci gaba da kiran sunana. Tun da maigidana ya rasu, shekara tara ke nan, ba a ambatona a majami'a sai ranar da ake rabon hatsi ga gwauraye. Ranar godiya ce kaɗai ake kirana a matsayin mai bayarwa. Bara na kawo tiya biyu ta acca da naira ɗari biyar, na fito da rawa, ban ji kunyar kowa ba. Yesu ma a zaune yake yana kallon masu zuba kuɗi a Haikali lokacin da ya ga gwauruwar nan mai 'yan kuɗi biyu, ya kira almajiransa ya nuna musu ita. Abin da ya ɓata mini rai bara shi ne an fara da masu dubu ɗari ana kaɗa ganga, kafin a zo kanmu rabin mutane sun fita waje.

Wani ɗan'uwa mai shagon kayan masarufi:

Ni ban cika magana a nan ba, amma yau dole in yi, domin ina cikin waɗanda ake bayarwa da kuɗinsu. Bara wani ɗan'uwa da nake bi kuɗin buhun shinkafa da jarkar mai tun watan Agusta ya tashi ya yi alkawarin da ya ninka bashina sau uku, aka yi masa guɗa, ni ma ina zaune a bayansa na tafa, amma zuciyata ba ta tafa ba. Na koma gida ina tambayar kaina ko ni ne mai zunubi da nake jin zafi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ni ma dillalan kasuwar Kafanchan suna bina, kuma ban taɓa tona asirin kowa ba. Sai dai a Matiyu sura 5 an ce idan kana gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ka shirya da shi tukuna. Da mutumin ya kawo mini ko rabi ne, ya ba Ubangiji ɗan abin da ya rage, da har yau muna gaisawa kamar da.

Dattijon ikilisiya:

Maganar mai shago ta taɓa ni, kuma na yarda cewa wanda ya hana mai haƙƙi haƙƙinsa ya zo ya yi alkawari a gaban jama'a bai yi daidai ba. Zabura 37 ta kira mai cin bashi ya ƙi biya mugu. Amma wannan aikin koyarwa ne, Baba Rabaran ya yi wa'azi a kansa, dattawa su ja kunnen mai yi. Ba a rushe rumbu don ɓera ya shiga. Mutanen Makidoniya suna cikin matsanancin talauci suka bayar har fiye da ƙarfinsu, aka kuwa yabe su. Ina tsoron kada mu koya wa 'ya'yanmu lissafi mu manta da koya musu bangaskiya, kuma ina gaya muku, ranar da aka daina faɗin adadi, abin da ake samu zai ragu.

Ma'ajin ikilisiya:

Baba, mai yiwuwa ya ragu a baki, amma littafin da ke hannuna yana nuna cewa abin da ake shelantawa dabam, abin da yake shigowa asusu dabam. Akwai alkawuran shekara uku da suka wuce da har yau ba a cika ba, akwai kuma gidaje biyu da suka daina zuwa sujada domin kunyar haɗuwa da ni a ƙofa, sai ka ce ni ne mai karɓar haraji. Mun yi kasafin rufin ɗakin yara a kan kuɗin da aka faɗa da baki, shi ya sa har yau yake yoyo. Ka kawo mana Barnaba, to surar da ke biye ita ce ta Hananiya da Safiratu, waɗanda suka so a ɗauka sun ba da duka alhali sun ɓoye wani kashi, kuma Bitrus ya gaya musu cewa ba wanda ya tilasta su, gonar tasu ce, kuɗin ma nasu ne. Mutanen Makidoniya kuwa da kansu suka roƙa a bar su su bayar, kuma a cikin surar da ta ba da labarinsu, wato 2 Korintiyawa sura 8, aka ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi, ba abin da ba shi da shi ba.

Maganar Mama gwauruwa ta sa na gyara matsayina. A kira kowane gida da sunansa, unguwa unguwa, ba bisa girman abin da ya kawo ba, kowa ya fito da waƙa ya saka ambulan ɗinsa ko ya ajiye hatsinsa, amma kada a faɗi adadi, kada kuma a karɓi alkawarin baki. Sharuɗɗan malam uku na karɓe su duka, har na fi kowa bukatarsu, domin ni ake zargi idan lissafi bai fito ba. Ina kuma roƙon a fara koya wa jama'a tsarin 1 Korintiyawa sura 16, wato kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta kowane mako gwargwadon samunsa, tun daga Janairu, don kada Disamba ta same mu hannu wofi.

Uwar Zumuntar Mata:

Idan an amince da wannan, mu a Zumunta za mu ɗage sabon anko zuwa bayan Ista, mu fito da zanenmu na bara. Zan kai maganar gaban mata ranar Talata.

Rabaran mai kula da ikilisiya:

Na karanta duka tun daga farko. Za a sa maganar a gaban majalisar dattawa ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma. Ma'aji ya zo da littafin alkawura na shekara uku, a rufe sunaye, a bar adadin da aka faɗa da wanda aka biya. Uwar Zumunta da malam su zo a matsayin masu ba da shawara, a kuma zo da farashin bandir ɗin kwano na wannan makon.

Dattijon ikilisiya:

Zan zo, Baba Rabaran, kuma zan duba littafin da idona. A kan hana alkawarin baki ina tare da ku. A kan ɓoye adadin abin da mutum ya riga ya kawo a hannu, har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba.