Zan haɗa gwiwa da mai zane a kan takalman fata: yaya ake rabon kuɗi, kuma fentin zai jure ruwan alwala?

Sani_Baduku ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ni ɗinkin takalma nake yi a Kano. Dukanci gadon gidanmu ne, amma ni na karkata ga na zamani: hafkoba da sandal na maza, silifas na mata, sai 'yan ƙananan jakunkuna. Ina da yara a shago, kuma kowane takalmi sai na buga masa tambarina a ciki kafin ya fita. Fatar da na fi aiki da ita ta akuya ce wadda aka jeme da bagaruwa. In an yi odar mai sheƙi kuma, sai in sayo ta kamfani daga Sharaɗa ko Challawa.

Ga abin da ya kawo ni. Akwai ƙanwar matar wani abokina, mai yi wa amare lalle ce, kuma zane ta karanta a Zariya. Ta roƙi guntayen fatar da muke sharewa mu zubar, ta tafi da su gida, ta dawo da su ɗauke da zane: dagi, ganyayyaki irin na lalle, da wani zubi na aska takwas irin ta babbar riga, amma an ƙanƙanta shi har ya zauna a faɗin yatsu uku. Ba ta sa rula, ba ta fara zanawa da fensir, buroshi kawai. Na ɗinka ɗaya a fuskar silifas na ɗora hotonsa a WhatsApp, kafin la'asar mata sun dame ni da "nawa ne?"

To mun zauna a gaban yayarta, ta kawo sharuɗɗa uku. Tana son kashi 30 cikin 100 na kuɗin kowane takalmi da ta zana. Tana son sunanta ya fito kusa da tambarina. Sannan ba ta yarda a ɗauki zanenta a kai wa masu buga hoto da inji ba, duk wanda zai fita sai wanda hannunta ya taɓa.

Ni kuwa da na yi lissafi sai na ga fata tawa ce, sol nawa, gam nawa, kuɗin yara da hayar shago da man janareta duk a wuyana. Ita fenti da buroshi kawai za ta kawo. Amma kuma gaskiya ɗaya ce, ƙafa biyu na cinye mata rabin yini, kuma ba domin zanen ba da matan nan ba su ko tsaya a kan hoton ba. Masu sani ku ba ni shawara. Kashi 30 ɗin nan bai yi yawa ba? Sunan mutum biyu a takalmi ɗaya ba zai jawo rigima nan gaba ba? Abin da ya fi damuna ma shi ne ƙarkon fentin. Mutanenmu da takalmi suke alwala, su bar shi a ƙofar masallaci rana ta dake shi. In ya ɓare cikin wata guda, shagona za a dawo, ba gidansu ba.

Tsohon_Majemi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Sani ɗana, bar maganar kuɗi tukuna, ka fara da fatar, don a nan aikin zai tsaya ko ya faɗi.

Fatar bagaruwa tana shan ruwa. Shi ya sa iyayenmu ba fenti suke shafa mata ba, rina ta suke yi. Ja daga karan dafi ake samun sa, a jiƙa shi da ruwan toka ko kanwa. Baƙi kuma kuloko ne, wanda ake haɗawa da kashin maƙera. Ƙarfen da ke cikinsa ne ke haɗuwa da bagaruwar da ta riga ta shiga fata, nan take wurin ya koma baƙi ƙirin. Wannan baƙin ba ya ɓarewa, tunda ba a saman fata yake zaune ba, a cikin jikinta yake. Ka duba tsohon alabe ko tumtum a gidanku, za ka ga fatar ta tsufa amma layukan baƙin suna nan. Ka ce wa yarinyar ta gwada jan layukanta da kuloko a kan jar fata. Sai dai ta sani, in hannu ya kuskure babu gogewa.

Ta kamfani kuwa wani abu ne daban. Da sinadarin kurom ake jeme yawancinta, sannan a rufe fuskarta da abin da ke sa ta sheƙi. Duk fentin da ka ɗora a kan wannan sheƙin, aro ka ba shi. Sai an goge wurin da asiton, wato ruwan nan da mata ke cire jan farce da shi, har ya dushe. Sannan a nemi fentin akirilik wanda aka yi musamman don fata, irin su Angelus, ba na bango ko na mota ba. A shafa shi siriri-siriri, a bar kowane shafi ya bushe kafin a ƙara wani. Mai gaggawa da ya lafta shi da kauri sau ɗaya, shi ne nasa ke tsagewa. A ƙarshe a bi da ruwan kariya a sama.

Kuma ka lura da inda takalmi ke lanƙwasawa in an taka, wajen gindin yatsu. Kada ta cika zane mai kauri a wurin. Kafin ka sayar da ko ɗaya, ka ba yaran shagonka su sa, su yi ta alwala da shi, ya ga rana, ya ga ƙurar hunturu.

Maman_Ilham ta amsa:

Malam Sani, ka yi haƙuri, amma "fenti da buroshi kawai" ɗin nan bai yi mini daɗi ba. Ai ba buroshin za a saya ba.

Abin da kake shirin yi manyan kamfanoni sun daɗe suna yin sa, kuma ba sa ɓoye sunan mai zane, da shi ma suke talla. Akwai Laolu Senbanjo, ɗan Najeriya da ya tashi a Ilori, lauya ne ya ajiye aikin ya koma New York a 2013 yana zane irin na Yarabawa a jikin mutane da tufafi da takalma. A 2016 Nike ta gayyace shi bikin takalmanta na Air Max, kuma da sunansa aka yi shelar aikin. Ga Esther Mahlangu ta Afirka ta Kudu, wadda aka haifa a 1935. Zanen bangon gida irin na ƙabilar Ndebele ta koya a wurin mahaifiyarta da kakarta, da gashin kaza take yi, ita ma ba ta sa rula. A 1991 BMW ta ba ta mota sukutum ta zana, daga baya wani kamfanin takalma na Suwidin mai suna Eytys ya fitar da takalma ɗauke da zanenta da sunanta. Berluti na Faransa kuma, wanda ke nan tun 1895, babban abin da yake taƙama da shi launin da ake shafa wa fata da hannu ne, ta yadda da wuya ka ga takalma biyu sun zo iri ɗaya sak.

Ni a ganina kuskuren lissafin shi ne kana cire kashi 30 daga tsohon farashinka. Wannan ba tsohon takalminka ba ne. Ka fitar da kuɗin da ka kashe da ribarka ta kullum, ka ɗora ladan rabin yininta a kai, abin da ya tashi shi ne farashi. Ku yi kaɗan, kamar ƙafa ashirin, ta sa hannu da lamba a cikin kowanne. Amaren da take yi wa lalle su ne kasuwarku ta farko, kuma ita ce mai lambobinsu, ba kai ba.

Ɗan_Wambai ya amsa:

Hajiya ta faɗi gaskiya, amma Kano ba Faris ba ce. Ranar da zanen ya karɓu, kafin sati biyu za ka gan shi an buga da inji a kan roba ana sayarwa a baro, kuɗinsa bai kai rubu'in naka ba. Kada ka zuba jarinka duka a ciki. Ka riƙe hafkobarka da ke ciyar da gida.

Sai abu ɗaya da ba wanda ya taɓo. Ku yi nesa da rubutun Larabci ko ajami a kan takalmi, har ma da lanƙwasar da za ta yi kama da shi. A 1997 Nike ta janye dubban takalma daga kasuwa saboda wani tambari mai siffar harshen wuta da Musulmi suka ga ya yi kama da sunan Allah. Su kamfani ne, sun ba da haƙuri sun wuce. Kai shago ɗaya gare ka. Zanen lalle yana da lanƙwashe-lanƙwashe da yawa, don haka kowane sabon zubi ka juya shi sama da ƙasa, ka nuna wa mutum biyu ko uku kafin a ɗinka.

Barista_AB ya amsa:

Ranka ya daɗe, a taƙaice. A ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, zane na wanda ya ƙirƙire shi ne tun farko, sai in an yi yarjejeniyar da ta ce ba haka ba, kuma miƙa haƙƙin ga wani sai a rubuce. Wato biyan ta ladan aiki bai mayar da zanen naka ba. Dagi da aska takwas ba ita ta ƙago su ba, amma yadda ta tsara nata zubin, nata ne. Tambarinka kuma, rajistar sunan kasuwanci a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ba ta kare shi, rajistar tambari daban take. Ku rubuta takarda ko shafi ɗaya ne: wa ke biyan takalmin da ya lalace a hannunta, wa ke gyara in fenti ya ɓare, yaushe ake biyan ta, kuma in kun rabu yaya za a yi da hotuna da ragowar kaya.

Sani_Baduku ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na kai mata maganar kuloko, ta ce ba ta taɓa aiki da shi ba amma tana so ta gani, don haka ranar Asabar zan karɓo mata kwalba ɗaya a wurin wani dattijo a unguwarmu tare da jar fata guda biyu. Mun tsaya a kan silifas na mata da jaka tukuna, na maza sai an ga yadda gwajin alwala ya kasance. Sunanta zai shiga ciki, a ƙarƙashin tambarina. Kashi 30 ɗin ne har yanzu ba mu daidaita ba: ni na ce a yanka mata lada tsayayye a kan kowace ƙafa biyu, a biya ta ranar da ta kawo aiki ko an sayar ko ba a sayar ba, ita kuma ta ce za ta yi shawara da yayarta. Barista, in na turo maka abin da muka rubuta ta akwatin saƙo, za ka duba mana? Sannan wanda ya san inda ake samun fentin fata na asali a Kano, ba sai an yi oda daga Legas ba, don Allah ya sanar da ni.