Farin cikin da masu aikin bishara a ƙetare suke faɗa, na gaske ne kuwa?

Ma'aikaciyar jinya, Sabon Gari:

Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Kano, kuma an yi mini tayin zuwa hidima a wani ƙaramin asibitin mishan da ke wata ƙasa maƙwabciyarmu. Duk lokacin da masu bishara suka dawo hutu suka tsaya gaban ikilisiya, farin ciki ne kawai suke ta ambata, alhali ina ganin yadda suka rame, na kuma san tallafinsu ba ya isa a kan kari. Ina roƙon waɗanda suka taɓa fita su gaya mini tsakani da Allah, shin wannan farin ciki na gaske ne, ko kuwa magana ce da ake yi don kada gwiwar ikilisiya ta yi sanyi? Mahaifiyata ba ta hana ni ba, amma ta ce in nemi shawarar manya.

Mama, Zumuntar Mata, Badawa:

'Yata, na gaske ne, kuma ni shaida ce. Ni da maigidana mun yi hidima a wani ƙauye cikin jihar Maraɗi ta Nijar, inda masu bi ba su kai su cika rumfar zanar da muke sujada a ƙarƙashinta ba. Ba zan ɓoye miki ba, mun sha wuya: zazzaɓin cizon sauro bai bar yaranmu sun huta ba, makarantar garin da Faransanci ake koyarwa, kewar gida kuma takan taso mini musamman lokacin Kirsimeti.

Amma a wurin mutanen ne na ga abin da ban taɓa gani ba. Akwai wata tsohuwa da mijinta ya rasu, wadda a shekarar da damina ba ta yi kyau ba ta ɗauko damin gero a ka ranar godiyar kaka, ta ajiye shi a gaba tana rera waƙa, fuskarta cike da murna. Maigidana ya so ya mayar mata da shi don tausayi, sai ta ce kada ya hana ta rabonta na albarka. Geron nan aka daka aka ciyar da marasa lafiyar da suka zo daga nesa ba su da mai kawo musu abinci. Maƙwabtanmu Musulmi kuma sun riƙe mu da mutunci, suna aiko mana da naman layya, mu ma muna aika musu da abincin Kirsimeti, yadda dai muka saba a Kano. Idan kin je, ki zauna da matan garin, ki ci abin da suke ci, domin a nan ne murnar take.

Rabaran mai ritaya, Tudun Wada:

'Yata, tambayarki tana da kyau, kuma tarihinmu ya amsa rabinta. A shekarar 1893 masu bishara Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da niyyar shigowa cikin ƙasa. Gowans da Kent sun rasu a 1894, Bingham kuma bai daina ba har aka buɗe tashar mishan ɗinsu, wato SIM (Sudan Interior Mission), a Patigi a 1902. Daga wannan aiki ne aka samu asibitin ido na Kano a 1943 da asibitin Galmi na Nijar a 1950, kuma daga gare shi ikilisiyar ECWA ta fito a 1954, wadda yanzu ita ma take aika 'ya'yanta ta hannun EMS, ƙungiyarta ta aikin bishara. Wanda ba shi da abin da ke riƙe zuciyarsa ba ya komawa inda abokansa suka mutu.

Sauran rabin yana cikin wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa. Yana ɗaure ya rubuta ta, yana ta cewa a yi farin ciki cikin Ubangiji, amma a sura ta huɗu ya gode musu saboda kyautar da suka aiko ta hannun Abafaroditus. Saboda haka ramewar da kika gani ba ado ba ce ga mai bishara, abin kunya ne a gare mu da muka aike shi muka yi sakaci da alkawari.

Ɗan'uwa, ma'aikacin lafiya, Fagge:

'Yar'uwa, na yarda da iyayenmu, sai dai ina ƙara cewa ki nemi komai a rubuce kafin ki ajiye aikinki: wace ƙungiya ce take aika ki, wa zai biya kuɗin abinci da magani, kuma wa za ki kira idan tsaro ya taɓarɓare. Ki bincika ko hukumar lafiya ta ƙasar za ta amince da takardar shaidar aikinki, ki kuma tanadi katin rigakafin zazzaɓin shawara. Idan ƙasar renon Faransa ce, Hausa za ta iya isar ki wajen marasa lafiya, amma takardun asibiti da sunayen magunguna da Faransanci suke, don haka ki fara koyo tun kina gida.

Ma'aikaciyar jinya, Sabon Gari:

Na gode Mama, na gode Baba Rabaran, na gode ɗan'uwa. Zan kai takardar gayyatar ga faston ikilisiyarmu bayan sujada ranar Lahadi, in roƙi dattawa su rubuta wa asibitin a kan batun tallafi da izinin aiki. Mama, idan kin yarda, ina so in zo da mahaifiyata ta ji wannan daga bakinki.