Baƙin mai yana ɗiga daga ƙasan inji bayan gyara: a ƙara ɗaure notoci ko a sake aikin?

Mai Corolla:

Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006 mai inji 1.8, wadda na shekara biyar ina hawa ba ta taɓa zubar da ko ɗigon mai ba. Makon jiya na kai ta wani gareji a nan Kano domin a canza robar da inji ke zaune a kai ta gefen dama, saboda karkarwar da take yi idan na tsaya a danja. Washegari da safe sai na tarar da tabon baƙin mai kamar faɗin faifai a inda ta kwana, kuma da na leƙa na ga kwanon man da ke ƙasan inji, wanda makanikai ke kira botom, ya lotsa a tsakiya.

Da na koma, yaron garejin ya amsa cewa a kan kwanon ya kafa jak domin ɗaga injin, ba tare da ya sa katako ba. Maigidansa ya kwance kwanon, ya bubbuge lotsawar da guduma, ya yanko gasket, wato shimfiɗar da ke hana mai fita ta bakin kwanon, daga takardar fakin, ya shafe shi da jan gam, ya mayar. Bayan kwana uku ɗigon ya dawo, a wannan karon daga kusurwa biyu, kuma ya ce in kawo motar ya ƙara ɗaure notocin. Shin ƙarin ɗaurin zai magance matsalar? Sannan ina da tafiya Kaduna ranar Juma'a, ko zan iya yin ta a haka?

Direban Zariya:

Wa alaikumus salam. Malam, ni a ganina abin bai kai a tayar da hankali ba, domin motoci da yawa da ke bin hanyar nan suna ɗiga kuma suna kai mutane gida lafiya. Ka bari ya ƙara ɗaure notocin, ka sayi lita ɗaya ta irin man da kake juye da shi ka ajiye a but, ka duba geji kafin ka tashi, ka sake dubawa idan ka isa Zariya. Akwai kuma maganin toshe ɗigo da ake zubawa a cikin mai, kana iya gwada shi.

Tsohon Bakanike:

Ɗan'uwa direba, na yarda da kai a kan duba geji, amma batun ƙara ɗauri ban goyi bayansa ba, domin shi ne zai ƙara lalata abin. Kwanon wannan mota na ƙarfe ne marar kauri, kuma littafin gyara na Toyota ya ƙayyade ɗaurin notocinsa a kan 9 N·m kacal, wato ɗaurin da ɗan ƙaramin sifana ke yi ba tare da an sa ƙarfin kafaɗa ba. Idan aka wuce haka, bakin kwanon yakan kumbura a kewayen kowane rami, sai matsewar ta taru a gindin notoci, tsakaninsu kuma ya zama hanyar mai. Ɗigo daga kusurwa biyu alama ce da ke nuna cewa mai yiwuwa an riga an yi hakan. Ban da wannan, notocin suna shiga ne cikin alminiyom, kuma idan zaren ramin ya cinye, an buɗe wani sabon aiki.

Babban kuskuren ma yana gaba da wannan. Injin 1ZZ-FE da ke cikin motarka, Malam, bai fito daga kamfani da gasket a wannan wuri ba. Baƙin gam na musamman ake zizarawa a bakin kwanon, shi ne yake bushewa ya zama gasket ɗin. Saboda haka takardar da aka yanka aka cusa, ga kuma gam a samanta da ƙasanta, ba abin da aka tsara wa wurin ba ne, kuma gam ɗin yakan sa takardar ta zame idan aka matse ta. Ana sayar da gasket na roba da wasu kamfanoni suka yi wa wannan inji, yana kuma aiki idan bakin kwanon a miƙe yake, amma ni na fi natsuwa da gam ɗin.

Yadda ake aikin shi ne a juye man, a kwance kwanon ba tare da an ɓanɓare shi da sukundireba ba, a kankare tsohon gam gaba ɗaya daga ɓangarorin biyu, a goge har sai babu maiƙo ko kaɗan, domin gam ba ya kama wurin da mai ya taɓa. Daga nan a zizara shi layi ɗaya marar yankewa, kaurinsa kamar milimita 4, a bi ta gefen ramukan notoci da ke fuskantar cikin kwanon, a ɗora kwanon cikin mintuna uku kafin ya fara yin fata, a ɗaure kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. Kada a zuba mai sai bayan awa biyu aƙalla, kuma a nan ne yawancinmu muke gazawa, saboda mai mota yana tsaye a kanmu yana duba agogo. Maganin toshe ɗigo kuwa robobin sil yake kumburawa, ba ya miƙar da ƙarfen da ya lanƙwashe.

Injiniya daga Kaduna:

Ina so in ƙara abu biyu a kan bayanin Baba. Na farko, lotsawar ta fi ɗigon tayar mini da hankali. Bakin bututun da famfon mai ke zuƙa ta cikinsa yana da rariya, kuma tazarar da ke tsakaninsa da gindin kwanon 'yar kaɗan ce, saboda haka idan jak ya tura gindin sama, mai ba zai shiga yadda ya kamata ba ko da geji yana nuna a cike yake. Haka kuma gam ɗin da aka lafta, abin da ya matso ta ciki yakan gutsure ya toshe wannan rariya. Idan aka kwance kwanon, ka tsaya da kanka ka ga an duba ta an wanke. In har fitilar mai ta taɓa ƙyaftawa, musamman idan inji ya yi zafi kana tsaye, to ka kashe motar nan take, domin daga nan sai bugawar inji.

Na biyu, a wanke injin a bar shi ya bushe, a tayar na kamar minti goma, sannan a haska da tocila daga sama zuwa ƙasa. An san wannan inji da zubar da mai ta robar tenshina, wato abin da ke ɗame sarƙar taimin, wadda ke bayan inji ta gefen dama, kuma man yakan gangaro har bakin kwano a ɗauka daga nan yake fita. A duba filta da washar notin juye su ma. Tafiyar sama da kilomita 200 kuwa, ni ba zan yi ta da kwanon da ban ga cikinsa ba.

Mai Corolla:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma garejin yau da safe, aka wanke injin kamar yadda Injiniya ya ce, kuma sama a bushe yake, daga bakin kwanon kaɗai man ke fitowa. Da aka kwance, mun kifa shi a kan gilashi, sai ga haske yana wucewa ta wurare uku, sannan mun ciro guntayen jan gam daga rariyar. Maigidan garejin bai yi gardama ba, ya ɗauki nauyin aikin da kuɗin kwano na Balgiyam da muka samo a Kofar Ruwa, ni kuma na sayi baƙin gam da sabon mai da filta. An ɗora kwanon da la'asar, kuma na ce a bar motar ta kwana a can babu mai, sai gobe a zuba. Baba, ko akwai buƙatar a sake taɓa notocin bayan an yi 'yan kwanaki ana hawa?

Tsohon Bakanike:

Babu buƙata, Malam, domin gam idan ya bushe ba ya saki kamar takarda, kuma taɓa notocin yana iya tsaga shi. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar daren Laraba da na Alhamis, ka duba shi da safe tare da geji. Idan ya wayi gari a bushe sau biyu, ka kama hanyar Kaduna.