Yadda muka fara kwanan daji da kat-kat (mota 4x4)

Jama'ar Damagaram, ga abin da na tattaro daga doguwar hirar nan kan yadda kowa ya fara kwanan daji da mota.

1. Mafi yawa sun ce aiki ne ya fara kai su, tuƙin motar ƙungiyoyi wajen Tesker da Termit, wasu kuma mota ta mutu masu tsakanin Tanut da Agadas suka kwana bisa rairayi, daga nan abin ya shiga ransu.
2. Ƴan kaɗan, rakiyar iyaye Ingal lokacin Cure Salée, bikin makiyaya na shekara-shekara, ita ta fara kai su.
3. Kowa ya yarda: kar mota guda ta shiga hamadar Tenere ita kaɗai, a ɗauki ɗan jagora, bidon na ruwa da gazuwal, a rage iskar taya, a tambayi jami'an tsaro kafin tashi.
4. An rabu kan Hilux da Land Cruiser (ni dai Land Cruiser). Tanti ma haka, dattawa sun ce tabarma da bargo sun isa, samari suka ce to kunama fa?